Yadda Ake Lissafin Katakon Dandamalin Shan Iska a Lambu

Dandamalin katako irin wanda ake kafawa a lambu ko tsakar gida, a ɗaga shi daga ƙasa a jera kujeru a sha iska, ba ya da wuyar ginawa. Wurin da ake yin asara shi ne lissafi. Ko dai ka sayo katako ya kasa, kafinta ya zauna yana jiran ka sake komawa kasuwa, ko kuma ka sayo ya yi yawa, a bar maka tarin guntaye waɗanda ba su isa komai ba sai hura wuta. Duka biyun daga abu ɗaya suke fitowa: mutum ya zana girman da ransa ke so, sannan daga baya ya tafi neman katakon da zai dace da zanen. Juya abin za ka yi. Tsawon katakon da ke kasuwa shi zai faɗa maka girman dandamalinka.

Kafin mu shiga lissafi, mu san sassan da za mu ƙirga. A can ƙasa akwai ginshiƙai, a tsaye. A kansu ake kwantar da bim, wato manyan katakan da ke ɗaukar nauyi. A kan bim ake jera wasu katakan a gicciye, kowanne a tsaye bisa gefensa. Ni haƙarƙari nake ce musu, domin haka suke idan ka kalle su kafin a rufe. Sai katakon baki, wanda ke rufe kawunan haƙarƙarin ta ɓangarori biyu. A ƙarshe falankin da ake takawa. Gini daga ƙasa yake farawa ya yi sama, amma lissafi daga sama yake farawa ya yi ƙasa, saboda kaurin falanki ne ke yanke tazarar haƙarƙari, haƙarƙari su yanke yawan bim, bim kuma su yanke yawan ginshiƙai.

Mataki na 1: je kasuwa da tef, ba da kuɗi ba

A kasuwannin 'yan katako na Nijeriya tsawon da aka saba da shi ƙafa 12 ne, wato kusan mita 3.66 ga masu awo da mita. Za ka ji ana kiran tu-bai-tu (2x2), tu-bai-fo (2x4), tu-bai-sis (2x6), fo-bai-fo (4x4), wato kauri da faɗi a inci. Waɗannan sunaye ne kawai, ba awo ba ne. Hatta a Amurka, inda girman katako yake da tsayayyar ƙa'ida, abin da suke kira 2x6 inci 1½ ne da inci 5½ bayan an busar an goge, 4x4 kuma inci 3½ ne kowane gefe. Namu da ake tsagawa a sayar ba guga, wani ya cika, wani ya gaza, wani ma kansa ɗaya ya fi ɗayan kauri.

Saboda haka ka auna guda biyar ko shida daga tarin da za ka saya. Ka rubuta kauri, faɗi da tsawo. Ka duba kawunan musamman. Yawanci za ka tarar sun tsage ko an yanke su a karkace, kuma sai an datse inci biyu ko uku kowane kai kafin a sami wuri mai kyau. Na taɓa zana dandamali mai faɗin ƙafa 12 cif, ina murna ba za a yi asarar ko inci ɗaya ba. Da aka sauke kaya kafinta ya ɗora tef a kan na farko, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ai sha ɗaya da inci takwas ne." Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka cika ba su kai rabi ba, ga shi an riga an zuba kankaren ginshiƙai. Tun daga ranar, a lissafina katako mai ƙafa 12 inci 138 ne, wato ƙafa 11 da rabi. Abin da ya ƙaru a kai kyauta ce.

Mataki na 2: tsayar da girma, ka zana

Misalin da za mu bi har ƙarshe: dandamali mai tsawon ƙafa 16, wato inci 192. Haƙarƙari za a yanka su inci 138, a ƙara katakon baki mai kaurin inci 2 kowane ɓangare, faɗi ya zama inci 142. Tsayinsa daga ƙasa inci 30. Zan ɗauka katakon ya cika awonsa domin lissafi ya yi sauƙin bi. Kai sai ka sa lambobin da tef ɗinka ya ba ka.

Ka mayar da komai inci tun yanzu. Haɗa ƙafa da inci a lissafi ɗaya shi ke kawo kuskure.

Shawarata kuma, ka bar dandamalin ya tsaya da ƙafafunsa, kada ka rataya gefe ɗaya a jikin bangon gida. A ƙasashen da ake gina gida da katako sukan ɗaure bim ɗaya a jikin gidan da manyan notuna. Bulo mai rami a ciki ba ya riƙe noti yadda za ka amince ka ɗora masa nauyin mutane. Ƙarin ginshiƙai huɗu ba za su talauta ka ba.

Mataki na 3: haƙarƙari

Tazarar da aka fi amfani da ita inci 16 ce, kusan santimita 40, kuma daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan ake aunawa, ba daga gefe zuwa gefe ba. Wannan tazara ta yi idan falankinka jan katako ne mai cikakken kaurin inci 1. Idan inji ya cinye shi ya koma kashi uku cikin huɗu na inci, ko kuma kana so a jera falankin a karkace don ado, sai ka matso da ita zuwa inci 12.

Ka raba tsawon dandamali da tazara, ka ƙara ɗaya. 192 a raba da 16 ya ba da 12, a ƙara 1, ya zama 13. Wannan ɗayan da ake ƙarawa shi mutane ke mantawa. Dubi hannunka: tsakanin yatsu wuri huɗu ne, amma yatsun biyar. Da inci 12 muka ɗauka, da 16 ne a ƙara 1, guda 17. Idan rabon bai fita daidai ba, ka ɗaga shi zuwa lamba ta gaba kafin ka ƙara ɗayan.

Tu-bai-sis 13 ke nan, kowane haƙarƙari katako guda.

Mataki na 4: bim, inda ake yawan rowa

Tambaya a nan ita ce, nisan nawa haƙarƙari zai iya yi babu abin da ya tokare shi daga ƙasa? Dokar ginin gidajen zama da ake bi a yawancin jihohin Amurka tana da jadawali a kan haka. An gina shi bisa cewa kowace murabba'in ƙafa za ta ɗauki nauyin fam 40 (kusan kilo 18) na mutane da kaya, da fam 10 (kusan kilo 4½) na nauyin katakon kansa. Ga nau'in katakonsu mai ƙwari na kudancin ƙasar, a tazarar inci 16, jadawalin ya ba 2x6 ƙafa 9, ya ba 2x8 ƙafa 11 da inci 10, ya ba 2x10 ƙafa 14. Dokar ta kuma yarda kan haƙarƙari ya zarce bim, amma kada zarcewar ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar da ke bayanta.

Idan waɗannan lambobin kaɗai aka duba, kamar bim biyu sun ishe mu: a bar ƙafa 8 tsakaninsu, kawunan su zarce ƙasa da ƙafa 2 kowane ɓangare. A takarda kamar ya yi. Amma wancan jadawali na katakon da aka tantance ne aka buga masa hatimin daraja. Wanda za ka ɗauko daga tari a kasuwa babu wanda ya gwada ƙarfinsa, wani da ido a tsakiyarsa, wani ɗanye sharaf. Don haka ni bim uku nake sawa: ɗaya a tsakiya, biyu kuma kowanne kimanin inci 10 daga baki. Tazarar da ke tsakaninsu ta dawo kusan ƙafa 5. Za ka ji bambancin a ƙafarka ranar da yara goma suka hau suna tsalle.

Kowane bim tu-bai-sis biyu ne da aka haɗe fuska da fuska aka buga da ƙusa, suka zama inci 4 da inci 6. Tsawonsa inci 192, katako kuma 138 ne, dole a yi haɗi. Haɗin bim kuwa a kan ginshiƙi kaɗai ake yinsa, ba a sarari ba. A nan ne lissafi ke ceton kuɗi.

Kafinta mai gaggawa zai ce a raba biyu, ƙafa 8 da ƙafa 8. To, kowane yanki mai ƙafa 8 zai cinye katako guda, a bar guntu mai ƙafa uku da rabi. Bim ɗaya katako 4, bim uku 12. Yanzu gwada wannan: raba 192 gida uku, 64 ke nan. Ka yanka dogo mai inci 128 da gajere mai inci 64. Gajeru biyu suna fita daga katako ɗaya, tunda 64 sau biyu 128 ne. Layin farko na bim ka sa dogo sannan gajere. Layi na biyu ka juya, gajere sannan dogo. Haɗin biyu ba su faɗa wuri ɗaya ba, kowanne yana kan ginshiƙinsa, bim ɗin ya fi ƙarfi, kuma katako 3 kawai ya ci. Bim uku, katako 9. Ka tsira da guda uku ba tare da ka rage komai ba.

Na tsakiya ya fi sauran ɗaukar nauyi, domin ta ɓangarori biyu ake danna shi. Ka ware masa katakan da suka fi miƙewa da ƙwari. Idan ba ka gamsu da ingancin kayan ba, ka ƙara masa layi na uku.

Mataki na 5: katakon baki da 'yan tokara

Katakon baki biyu ne, kowanne inci 192. Dabarar nan ta 128 da 64 ita ce dai: dogaye biyu, gajeru biyu, katako 3. Kuma da yake 128 tazara takwas ce cif ta inci 16, haɗin zai faɗa daidai kan haƙarƙari, a sami wurin buga ƙusa.

'Yan tokara guntaye ne da ake cusawa tsakanin haƙarƙari, a layi ɗaya bisa bim na tsakiya, don kada su kwanta ko su murɗe yayin da suke bushewa. Wuri 12 ne, kowanne 16 a cire kaurin katako 2, inci 14. Katako ɗaya yana ba da guda 9, saboda haka 2 za ka saya. Kada a yanka su duka tun farko. A auna kowane gurbi a yanka masa nasa, tunda kaurin katakon ba ɗaya ba ne, na farko da na ƙarshe ma sukan ɗan fi matsewa.

Mataki na 6: ginshiƙai

Kowane bim ginshiƙi 4: ɗaya a kowane kai, ɗaya a inci 64, ɗaya a inci 128. Bim uku, ginshiƙi 12.

Tsayinsu kuwa da ragi ake samo shi. Daga inci 30 ka cire falanki 1, haƙarƙari 6, bim 6, saura 17. Sannan ka cire tudun kankaren da ginshiƙin zai zauna a kai. Ina ba da shawarar ya ɗago inci 6 daga ƙasa, saura 11. Amma ƙasa ba ta taɓa zama daidai, don haka ka lissafa inci 15 kowanne, a daidaita kawunansu da siririn tiyo mai ruwa bayan an kafa, a datse. Inci 15 sau 12 ya zama 180, fo-bai-fo 2 ke nan.

Kada ka yarda a binne katako a ƙasa, ko da an shafe shi da baƙin mai. Gara ba ta gaggawa. Tudun kankaren nan amfaninsa biyu: yana raba katako da damshi, kuma idan gara ta fara gina hanyarta ta ƙasa a jikinsa za ka gani ka karya tun ba ta kai sama ba. Mai walda zai yi maka 'yan ƙarafa masu siffar kofato guda 12 da za a dasa cikin kankaren su riƙe gindin ginshiƙi, da faranti biyu-biyu na ɗaure bim a kansa, guda 24.

Ka ƙara tu-bai-fo 2 domin tokara ta karkace a kusurwoyi huɗu, guda 8 masu inci 24. Ita ke hana dandamali rangaji. Idan tsayin ya wuce inci 30 daga ƙasa, dokar Amurkan nan tana wajabta shinge mai tsayin inci 36 a kewaye, wanda lissafinsa daban ne. Idan kuwa abin da kake nufi mai tsayin bene ne, ajiye wannan takarda ka nemi injiniya.

Mataki na 7: tara jimla, ka ƙara rara

Tu-bai-sis: haƙarƙari 13, bim 9, katakon baki 3, 'yan tokara 2. Jimla 27.
Fo-bai-fo: 2.
Tu-bai-fo: 2.
Tu-bai-tu ɗaya ko biyu na turakun ɗaura igiya wajen fitar da fili.

A kan 27 ɗin nan ka ƙara kashi 10 cikin 100, ka ɗaga zuwa lamba cikakkiya: 30. Wannan idan kai ka tsaya aka zaɓa maka ɗaya bayan ɗaya. Idan aike za ka yi a loda maka duk abin da hannu ya kai, ka ƙara kashi 15, ka kuma ɗaga, 32. Rarar ba ta kuskuren zarto kaɗai ba ce. Cikin kowane tari akwai wanda zai kantare kamar baka bayan mako biyu, kuma ba za ka san shi ba ranar saye. Waɗanda suka ɗan lanƙwasa ba a yar da su: a yanka su gajeru ko 'yan tokara. Haƙarƙarin da ke da ɗan doro kuma a juya doron sama, nauyi zai danne shi.

Wani abu mai daɗi: tu-bai-sis mai ƙafa 12 da ya cika awo, girmansa kubik ɗin ƙafa ɗaya ne daidai, domin inci 2 sau 6 sau 144 ya ba da 1,728, adadin kubik ɗin inci da ke cikin kubik ɗin ƙafa ɗaya. Haka ma falanki mai inci 1 da inci 12. Busasshen iroko mai wannan girma yakan kai kilo 18 zuwa 19, ɗanye ya fi haka. Guda 30 sun haura rabin tan tun ba a sa falanki ba. Ka nemi a-kori-kura, kada ka wahalar da mai keke.

Falanki, a taƙaice

Ba ya cikin ƙwarangwal, amma tunda kasuwa ɗaya za ka je, ga lissafinsa. Falankin zai bi tsawon inci 192, a gicciye da haƙarƙari. Idan faɗinsa inci 6 ne, ka bar kwatan inci tsakanin kowane biyu don ruwa ya wuce: 142 a raba da 6.25 ya ba da 22.7, wato layi 23. Da yankan 128 da 64, ana juyawa layi bayan layi, kowane layi biyu na cin falanki 3. Layi 23 zai ci 35, da rara 39. Idan mai faɗin inci 12 za ka sayo a tsaga maka biyu, guda 20 ne, sai dai ka tuna bakin zarto yana cin nasa, kowane rabi ba zai cika inci 6 ba, kana iya buƙatar ƙarin layi ɗaya. Kada ka shimfiɗa mai inci 12 haka nan don saurin aiki. Rana za ta naɗe gefensa ya zama kwami yana tara ruwa.

Ruwan da ke kwanciya a katako ba abin wasa ba ne. A watan Yunin 2015 wata baranda ta rufta a birnin Berkeley da ke jihar Kalifoniya, mutum shida suka rasu, kuma bincike ya gano katakan da ke ɗauke da ita sun ruɓe ne saboda ruwan da ya shige su. Naka inci 30 ne kawai, amma ƙafar dattijo na iya karyewa a ƙasa da haka.

Matakala kuwa, inci 30 hawa huɗu ne na inci 7½. Yanka ta da katako yana buƙatar mai faɗin inci 12 da kaurin inci 2, kuma gindinta a ƙasa yake zama, inda gara take. Ni da bulo da siminti nake yinta, in cire ta daga lissafin katako gaba ɗaya.

Wane katako, kuma yaushe

Duk lissafin nan ba zai amfane ka ba idan farin katako ka saya. Obeche da afara suna da sauƙin aiki da sauƙin kuɗi, sun dace da silin da kayan ɗaki, amma a waje ruwa da gara ba sa barinsu. Iroko yana jurewa. Kirya ma, wadda ake sassaƙa turmi da ita, ƙwarinta sananne ne, sai dai samun dogaye miƙaƙƙu yana da wuya. Ko a jikin iroko, ka guji wanda ke da farin gefe, domin wannan ɓangaren na kusa da ɓawo ba shi da juriyar jan cikin. A shafe kowane katako da maganin gara irin su Solignum kafin a haɗa, musamman kawunan da aka yanka, don ta nan yake shan ruwa. Ƙusa kuma a sa wadda ba ta tsatsa.

Idan da hali, ka sayi katakon makonni kafin aiki. Ka jera shi a inuwa bisa bulo, ka sa 'yan sanduna tsakanin layi da layi iska ta ratsa, ka danne saman da nauyi. Wanda aka saya da damina aka buga nan take, idan hunturu ya busa zai tsuke, tazarar kwatan incin nan ta buɗe, ƙusoshi su saki. Ɗanyen falanki ma a matse ake buga shi, shi zai buɗe wa kansa tazara.

Ranar fitar da fili, bayan ka ɗaura igiya a turaku, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ka auna ɗaya gicciyen. Dole su zo daidai. A namu misalin, kowanne ya kusa inci 239. Kada a haƙa ramin ginshiƙi ko ɗaya sai awon biyu sun haɗu, kuma sai katakon ya iso gida ka sake ɗora masa tef.